Me ya sa aka dawo maka da facin direba saboda agogo ɗaya da ba ka kashe ba?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa da ya rubuta direban Linux, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, don sashen SPI (hanyar da guntu ke musayar bayanai da wasu na'urori) na wani allon ARM. Direban yana aiki, bayanai suna shiga suna fita, amma da ya tura facinsa, wato canjin da yake so a shigar cikin kanel, zuciyar tsarin Linux, sai mai kula da sashen ya mayar masa, yana cewa bai kashe agogo ba a inda neman lambar katsewa (siginar da na'ura ke jan hankalin furosesa da ita) ya gaza. Yana so ya san ko wannan ba tsanantawa ba ce, tunda wannan gazawar ba ta taɓa faruwa a allonsa ba. Ya ƙara da cewa wani lokaci in ya cire direban sai ya ga gargaɗin "already disabled", wani lokaci kuma allon ya sandare ƙam ba tare da ya rubuta komai ba.

Ɗan'uwa, ba tsanantawa ba ce, kuma abubuwa ukun da ka ambata tushensu ɗaya. Mai kula da sashen ya yi maka gata da ya tsayar da kai a nan.

Agogon da ake magana a kai shi ne bugun lantarkin da ke motsa kowane sashe na guntun. Yakan taso daga kiristal ɗin da ke kan allo, sau da yawa mai bugun 24 MHz, ya shiga da'irar da ake kira PLL ta ninka shi, ya bi ta masu rarrabawa da masu zaɓen hanya, daga ƙarshe ya iso wata ƙofa da ke gaban sashenka na SPI. Ƙofar nan bit ɗaya ce a cikin wata rajista. In an rufe ta, sashen ya daina jan wutar da bugun ke jawowa, ya kuma daina amsa kira. Tun kanel 3.4 na shekarar 2012, lokacin da tsarin agogo na bai ɗaya wanda Mike Turquette ya jagoranta ya shiga Linux, ana riƙe waɗannan agoguna ne a matsayin bishiya, kowane da uwarsa, kowane da ƙidayarsa. Kafin wannan, kusan kowane kamfanin guntun ARM yana da nasa tsarin.

Ƙidayar nan ita ce zuciyar maganar. Lokacin da ka kira clk_prepare_enable, ba umarni ka bayar cewa a kunna ba. Ka sa sunanka ne a cikin masu buƙata. Kamar janareton gidan haya ne: duk mai son wuta ya yi rajista, kuma ba a kashe injin sai mutum na ƙarshe ya ce ya gama. In ƙidayar ta tashi daga sifili zuwa ɗaya, a lokacin ne ake buɗe ƙofar da gaske, kuma kanel zai hau sama ya kunna uwar agogon, da uwar uwarsa, har zuwa PLL. In ta sauko daga ɗaya zuwa sifili, sai a rufe, a kuma rage wa uwar ɗaya. To duba abin da facinka ya yi:

```c
clk = devm_clk_get(dev, NULL);
if (IS_ERR(clk))
	return PTR_ERR(clk);

ret = clk_prepare_enable(clk);
if (ret)
	return ret;

irq = platform_get_irq(pdev, 0);
if (irq < 0)
	return irq;
```

Layin ƙarshe ne ramin. Ka fita daga probe, aikin da kanel ke kira don ɗora direba a kan na'ura, da kuskure, kanel ya ɗauka na'urar ba ta da direba, devm, tsarin da ke sakin abin da direba ya karɓa da kansa, ya saki manunin agogon, amma ƙidayar tana nan a ɗaya. Babu mai rage ta kuma, domin remove, aikin da ake kira in za a cire direba, ba ya gudana ga direban da probe ɗinsa bai kammala ba. Wannan ne abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Ƙofar SPI za ta zauna a buɗe har a sake kunna allon, haka PLL ɗin da ke sama da ita, ko da babu wani mai amfani da ita. A na'urar da ke kan batir, wannan na iya hana guntun shiga barci mai zurfi, sai a wayi gari ana zargin batir alhali laifin layi ɗaya ne a direban da ma bai hau ba.

Ka ce gazawar ba ta faruwa. Tana faruwa, kuma a kai a kai, sai dai ba ta zo maka da kamar gazawa ba. platform_get_irq na iya dawo da -EPROBE_DEFER, wato lamba 517, idan direban mai kula da katsewar bai riga ya hau ba, misali in layin katsewar ya biyo ta wani guntun GPIO da ke kan I2C. Ma'anarta ita ce a dakata a sake gwadawa. Wannan tsarin jinkirin shi ma a 3.4 ya shigo, ta hannun Grant Likely. Duk lokacin da wani direba ya hau lafiya, kanel yakan koma kan jerin masu jira ya sake kiran probe ɗinsu. Saboda haka probe ɗinka na iya gudana sau da dama a kunnawa ɗaya, kowane zagaye yana ƙara ɗaya a ƙidayar, ba ya ragewa. Daga ƙarshe ya yi nasara, komai ya yi aiki, kai kuma ka ce lafiya lau. Amma in ka cire direban, remove zai rage ɗaya kawai, saura na nan. A allonka wataƙila jerin hawan direbobi ya yi maka daɗi. A allon wani kamfani da ya ɗauki guntu iri ɗaya ya jona shi daban, ba haka abin yake ba, kuma direban da ya shiga kanel na kowa ne.

Gyaran gargajiya shi ne goto, kuma kada ka ji kunyarsa don an koya maka a makaranta cewa goto abin ƙi ne. Takardar salon rubutun kanel da kanta ta ware masa sashe, ta kuma ce a sa wa alamomin suna da ke faɗin abin da suke yi. Ƙa'idar ita ce duk abin da ka karɓa, ka mayar da shi ta baya, na ƙarshe shi ne farkon saki:

```c
irq = platform_get_irq(pdev, 0);
if (irq < 0) {
	ret = irq;
	goto err_disable_clk;
}
...
return 0;

err_disable_clk:
	clk_disable_unprepare(clk);
	return ret;
```

Ka lura da `ret = irq`. Mantawa da shi kuskure ne da ya yawaita ƙwarai: a yi tsalle zuwa alamar, a kashe agogo daidai, sannan a dawo da ret mai ɗauke da sifilin da ya rage daga kiran baya. Kanel zai ɗauka probe ya yi nasara, na'urar na nan da agogo a kashe, kuma in an zo cirewa remove zai sake kashewa. Wannan ɗaya ce daga hanyoyin da "already disabled" ke fitowa. Ka kuma lura cewa in clk_prepare_enable da kansa ne ya gaza, ba a tsallake zuwa alamar kashewa, domin abin da bai kunnu ba ba a kashe shi. Shi wannan kiran yana gyara bayansa: in prepare ya yi nasara enable ya gaza, yakan janye prepare ɗin kafin ya dawo maka.

Tunda mun zo nan, bari in faɗi dalilin da ya sa aikin ya rabu biyu. clk_prepare an yarda ya yi barci, wato ya jira. Akwai agogon da sai an yi magana da shi ta I2C, akwai PLL da sai ta ɗauki lokaci kafin ta daidaita. clk_enable kuwa ba ya barci, yana gudana a ƙarƙashin makullin da ba a jira a cikinsa, shi ya sa ake iya kiransa ko daga cikin mai amsa katsewa. Kowannensu da ƙidayarsa daban. A probe kana iya haɗa su, a inda ba a barci kuwa enable da disable kaɗai za ka taɓa, bayan ka riga ka yi prepare tun farko.

Yanzu ga abin da zan ba ka shawara a kai in kanel ɗinka 6.0 ne ko sama da haka. A 2022 Uwe Kleine-König ya shigar da devm_clk_get_enabled, wanda ke karɓo agogon, ya shirya shi, ya kunna, ya kuma rubuta wa devm cewa a kashe in probe ya gaza ko in an cire direban. Da shi, alamar goto ɗin nan ta tafi, kiran da ke cikin remove ma ya tafi. Ina son wannan kiran ƙwarai, kuma ga direba mai sauƙi irin naka shi ne daidai. Sai dai ka cire clk_disable_unprepare daga remove da kowace hanyar kuskure, in ba haka ba ka kashe sau biyu, gargaɗin nan ya dawo.

Amma fa devm ba ya ɗauke maka tunanin jeri, kuma a nan nake zaton sandarewar allonka take. devm yana sakin abubuwa ne bayan remove ya gama, daga na ƙarshe zuwa na farko. A ce ka karɓi katsewa da devm_request_irq, agogo kuma kana kashe shi da hannu a cikin remove. Akwai ɗan tsakanin da agogo ya mutu amma mai amsa katsewarka yana nan a rajista. In katsewa ta shigo a wannan tsakanin, musamman in layin na tarayya ne da wata na'ura, abu na farko da mai amsawar zai yi shi ne karanta rajistar matsayi don ya ga ko kiran nasa ne. Karanta rajistar sashen da ba shi da agogo kuwa, sakamakonsa ya danganta da guntun. Wani ya ba ka sifili. Wani ya jefo "imprecise external abort" a ARM mai bit 32, ko SError a mai bit 64, wanda yakan kai kanel ga durƙushewa. Mafi muni shi ne wanda hanyar sadarwar cikin guntun za ta tsaya tana jiran amsar da ba za ta zo ba, sai furosesa ta sandare, ko harafi ɗaya ba zai fito a tashar siriyal ba, sai in akwai na'urar gadi ta watchdog da za ta sake kunna allon. Wanda ya taɓa zama gaban allon da ya yi shiru haka ya san ba a wasa da jerin saki.

Haka lamarin yake da devm_spi_register_controller. In ka yi rajistar sashen da devm, kana kuma kashe agogo da hannu, to na'urorin da ke rataye a jikin SPI ɗin, kamar ma'ajiyar filasha, za a cire direbobinsu ne bayan agogon ya mutu, kuma wasunsu sukan aika saƙon ƙarshe a lokacin cirewa. Hanyoyin tsira biyu ne: ko komai ya bi devm a jerin da ya dace, agogo da fari, sannan katsewa, rajistar sashen a ƙarshe, ko kuma daga inda ka fara saki da hannu, duk abin da ya biyo baya shi ma da hannu. Gauraya su ba tare da lissafi ba ita ke kawo matsala. In akwai wani abu da ba shi da nasa devm, devm_add_action_or_reset zai sa shi a layi.

Akwai wata sandarewar da ke zuwa ta ɗaya gefen, gara ka san ta tun yanzu. U-Boot, manhajar da ke tayar da allon kafin kanel, yakan bar agoguna da yawa a kunne. Direban da ya manta bai nemi wani agogo ba, misali na hanyar rajista, wanda galibi daban yake da na bugun bayanai, zai yi aiki sumul a farkon tashi. Can kusa da ƙarshen tashin kanel sai clk_disable_unused ya zagaya bishiyar ya rufe duk ƙofar da ƙidayarta sifili ce. Daga nan taɓawa ta gaba sai shiru. In ka sa clk_ignore_unused a layin umarnin kanel matsalar ta ɓace, ka gano inda ciwon yake. Sai dai wannan abin gwaji ne. Ina ganin alluna da ake sayarwa da shi a dindindin, kuma abin yana damuna, domin an rufe rauni ne da tsumma, ana kuma ƙona wuta a banza. Ka duba takardar guntun da bayanin bishiyar na'urori (fayil ɗin da ke faɗa wa kanel abin da ke kan allon), ka nemi duk agogon da sashen ke buƙata. In suna da yawa, devm_clk_bulk_get da clk_bulk_prepare_enable suna ɗaukar su a dunƙule, in na uku ya gaza su janye biyun farko da kansu.

Sai batun duba kuskuren kansa. clk_get da 'yan uwansa ba NULL suke dawowa da shi in sun gaza ba. Suna cusa lambar kuskuren ne a cikin manunin, a adireshi 4095 na can ƙarshe waɗanda ba a taɓa ba wa kowa, shi ya sa ake dubawa da IS_ERR a ciro lambar da PTR_ERR. Wanda ya rubuta `if (!clk)` bai kama komai ba. NULL kuma a wannan tsarin halastaccen agogo ne na wofi, clk_prepare_enable zai karɓe shi ya dawo da sifili. A kan haka aka gina devm_clk_get_optional: in bishiyar na'urori ba ta ambaci agogon ba sai ya ba ka NULL, amma in an ambace shi kuma mai samar da shi bai hau ba tukuna, sai ya ba ka -EPROBE_DEFER. Kafin zuwansa mutane sukan rubuta cewa in IS_ERR to a mayar da shi NULL a wuce, da haka suke haɗiye jinkirin, direba ya hau ba agogo.

Kada kuma ka canja lambar kuskure. In kiran ya ba ka wata lamba, ita za ka miƙa sama. Mayar da komai -EINVAL ko -ENODEV yana kashe jinkirin probe gaba ɗaya, na'urar ba za ta ƙara samun dama ba. Ka yi amfani da dev_err_probe, wanda ya shigo a 5.9 a 2020. In kuskuren na gaske ne zai rubuta shi da sunansa. In jinkiri ne ba zai cika maka rajistan saƙonni da ihu ba, zai ajiye dalilin a /sys/kernel/debug/devices_deferred, inda za ka ga wace na'ura ke jira da abin da take jira.

Game da saurin bugun, abu biyu. clk_get_rate na iya dawo da sifili, kuma direbobi da dama suna raba lamba da abin da ya dawo ba tare da dubawa ba. Na biyu, clk_set_rate ya yi nasara ba ya nufin ka sami abin da ka nema daidai, ka sami mafi kusa da masu rarrabawa za su iya bayarwa ne. Ka sake karantawa ka yi lissafinka a kan na gaskiya. Ɗauki UART, wato sashen tashar siriyal, irin 16550 mai agogon 24 MHz: don samun 115200 ana raba agogon da 16 sau saurin, ya ba da 13 da ɗan ɗigo, a ɗauki 13, ainihin saurin ya zama kusan 115385. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ba wanda zai ji. Amma in wani direban sauti ya zo ya juya PLL ɗin da kuke tarayya a kai don ya sami 11.2896 MHz da 44.1 kHz ke so a maimakon 12.288 MHz na 48 kHz, kai kuma kana riƙe da tsohon lissafi, sai tasharka ta koma zubo haruffan banza. Don irin wannan aka yi clk_rate_exclusive_get da kuma masu sanarwar canjin sauri. Shi ma na farkon abin karɓa ne, yana da nasa put da za ka saka a hanyar kuskure.

In ka zo ƙara sarrafa wuta na lokacin aiki, inda ake kashe agogo duk sanda sashen ke zaune ba aiki, ka yi hattara da pm_runtime_get_sync. Yana ƙara ƙidayar amfani ko da ya gaza, don haka fita da kuskure ba tare da pm_runtime_put_noidle ba yoyo ne irin na agogon. An yi ta gyara wannan a direbobi masu yawa har aka kawo pm_runtime_resume_and_get a 5.10, wanda ke rage ƙidayar da kansa in ya gaza. Sannan in runtime_suspend ɗinka yana kashe agogon da devm_clk_get_enabled ya kunna, dole remove ya farkar da na'urar kafin ya fita, in ba haka ba devm zai tarar da agogon a kashe ya sake kashewa. Ka duba ko wannan ne ke faruwa a wurinka.

Wani wurin da ake sakaci shi ne jiran kayan aiki. Madaukin da ke karanta bit ɗin "na shirya" har abada, ba iyaka, bam ne a binne, domin ranar da agogon bai kunnu ba bit ɗin ba zai taɓa juyawa ba. readl_poll_timeout na nan don haka, ya jira iya lokacin da ka ba shi ya dawo da -ETIMEDOUT, kai kuma ka bi hanyar saki.

Hanyar kuskure ba ta gwada kanta, sai ka tilasta mata. Ka hau debugfs, inda kanel ke nuna bayanan gano matsala, ka karanta /sys/kernel/debug/clk/clk_summary kafin ka loda direban, ka ajiye. Za ka ga kowane agogo da ƙidayar enable da ta prepare da saurinsa, a jere bisa tsarin bishiyar. Ka rubuta sunan na'urar a fayil ɗin unbind da ke ƙarƙashin /sys/bus/platform/drivers, sannan bind, ka maimaita a madauki, ka sake karanta jadawalin. Duk lambar da ta hau ba ta sauko ba yoyo ce. Bayan haka ka karya probe da gangan: bayan kowane mataki ka sa ya dawo da -EIO na ɗan lokaci, mataki ɗaya a kowane gwaji, ka tabbatar jadawalin ya koma yadda yake. Ka kunna CONFIG_DEBUG_TEST_DRIVER_REMOVE, wanda ke sa kanel ya yi probe, ya cire, ya sake probe ga kowane direba tun a tashi. Ka kunna CONFIG_DEBUG_SHIRQ, wanda ke kiran mai amsa katsewar tarayya da gangan a lokacin sakinta, daidai tsakanin nan da na bayyana. Kafin ka sake turawa, ka bi facin da Smatch na Dan Carpenter da kuma Coccinelle, waɗanda sukan kama irin `ret` ɗin da aka manta da dubawar IS_ERR da ba ta dace ba.

In ka gyara, ka tura shi a matsayin siga ta biyu, ka rubuta abin da ya canja a ƙasan layin tsaga uku don kada ya shiga tarihin kanel, ka kuma faɗi cewa ka gwada unbind da bind a kan allo na gaske tare da sunan allon.